Ranar da Muka Buɗe Kunkurun Kawu

Daga Allah muka zo, gare shi kuma za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Lahadi da hantsi a nan Riyad. Aka yi masa sutura ranar Litinin bayan la'asar, da aka gama takardun asibiti. Ya shekara talatin da 'yan kai a ƙasar nan yana gyaran manyan motoci a Birnin Masana'antu na Biyu. Allah ya jiƙansa.

Na zauna zaman makoki da yawa, amma ban taɓa ganin wanda mutane suka sha wahalar danne murmushi ba kamar na Kawu. Mutum zai shigo falon gidansa a Al-Jaradiya da jajayen idanu, ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" Mu ce, "Da godiya." A yi addu'a a shafa. Da ya sami wuri ya zauna, sai ka ga ya matso kusa da na gefensa ya rage murya ya ce, "To, Kunkuru fa?"

Wani likita ɗan ƙasarmu da ke zaune a Al-Nasiriya ya share hawaye ya ce, "Ni da nake ba mutane umarni a asibiti, dattijon nan ya sa na zagaya Kunkuru sau uku kamar ɗan makaranta. Kuma na zagaya." Wani direban tankar ruwa ya yi kuka har ya gaji, can sai ya ce, "Yanzu wa zai kai mu jeji bana?" Da ya ji abin da ya fito daga bakinsa sai ya rufe fuska da hula don kunya. Ba wanda ya ga laifinsa, don tambayar tana bakin kowa.

Wanda bai sani ba, sai ya zaci wata dabba Kawu yake kiwo. Kunkuru ɗaki ne mai taya da ake ɗaura wa mota a ja, irin wanda mutanen ƙasar nan ke kira karafan. Amma na Kawu dabam yake da sauran. Rabinsa ɗaki ne, rabinsa tanti. Tsakiyarsa bango ne mai ƙwari, da ƙofa da taga, da ɗan madafi, da firji, da tankin ruwa, da ɗan bayi wanda mai ƙiba sai ya shiga a karkace. Gaba da baya kuwa akwai manyan murfi biyu. In an isa masauki aka sauke su, sai kowanne ya zama gado, tamfol mai kauri ya miƙe a kansa ya rufe shi kamar rumfa. In za a tashi, a tura tamfol ɗin ciki, a ɗaga murfin a kulle. Ranar da Inna, matar Kawu, ta fara ganin an buɗe shi, ta riƙe haɓa ta ce, "Wannan ai kunkuru ne. Ga kai ya fito, ga wutsiya." Sunan ya zauna.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni ne direban Kunkuru shekara shida. Ban daɗe da iya rubutu ba, ina zuwa ajin manya da yamma bayan na tashi daga aikin sito. Na ɗauki kwanaki ina rubuta wannan, ina gogewa ina sakewa, don kada a wayi gari jikokinsa su san sunansa kawai.

Wani injiniya ne ya gama kwantiraginsa ya koma ƙasarsu, ya bar karafan ɗin a farfajiyar wani sito kusa da garejin su Kawu. Rana ta fasa tayoyin, ta cinye robar rufin, ƙura ta rufe tagogin. Kowa ya gan shi ya ga bola. Kawu kuwa ya yi ta zagaya shi yana ƙwanƙwasawa kamar mai taya ragon layya, har ya nemo mai shi ta waya ya saya. Wata bakwai ya yi yana gyaransa, duk ranar hutu. Inna ta ce ta yi zaton ya haukace, don har a kan abinci zancen tankin ruwa yake yi.

Da zafi, Kunkuru barci yake yi a bayan gareji, an zubar da ruwan tankinsa, an rufe tayoyinsa da kwalaye saboda rana. Amma da zarar iska ta fara sanyi, sai wayarka ta yi ƙara. Kana ɗauka ba sallama mai tsawo, sai dai ka ji, "Kunkuru ya farka." Wallahi in na ji wannan maganar, aikin ranar nan ba na jin nauyinsa. Sati guda za mu yi muna shiri. A kwance tayoyi a sa wa boris giris. Kawu ya hau tsani da kansa, da tsufansa, ya bi duk layin rufin da yatsa yana neman inda rana ta tsaga. A shafa wa tiyon gas ruwan sabulu a zuba ido ko kumfa zai tashi. A goga wa kowane zif na tamfol kyandir, don yashi shi ne ajalin zif. In ka ce masa, "Kawu, ai bara mun yi wannan," sai ya ce, "Bara ma ka ci abinci."

Ranar tafiya, bayan an ɗaura Kunkuru a ƙugiyar tsohuwar jif ɗinsa, an sarƙa sarƙoƙi biyu, an gwada fitilun baya, ba mai shiga mota sai an zagaya sau uku. Yakan ce, "Zagayen farko na ido ne. Na biyu na hannu ne, ka taɓa kowane makulli ka jijjiga. Na uku na mutumin da ya tabbata bai manta komai ba ne." Kuma sau da yawa a na ukun muke ganin an bar taga a buɗe ko an manta matakalar ƙofa a waje.

Sai mu kama hanyar arewa ranar Alhamis da yamma. Gine-gine su ƙare, kwalta ta ƙare, mu tsaya mu rage iskar tayoyi, mu shiga jan yashi a hankali. Mutanen nan suna kiran irin wannan fitar kashta, kuma ba abin da suke so kamarta. Motocinsu su yi ta wuce mu suna tada ƙura, Kawu ya ce, "Ƙyale su, direba. Kunkuru bai taɓa makara ba."

In mun sami gindin bishiya mai inuwa, nan ake fara biki. A tokare tayoyi da katako, a sauke jek huɗu na kusurwoyi. Injiniyan ya bar wani ɗan ma'auni mai ruwa a ciki na daidaita ɗakin, amma Kawu bai taɓa yarda da shi ba. Sai an dafa shayi a ƙasa tukuna, a cika ƙaramin kofin gilashi har baki, a ajiye a tsakiyar ɗakin. Shi ya kwanta rub da ciki a bakin ƙofa yana leƙen kofin, mu muna waje muna murɗa jek. "Hagu, ɗaga kaɗan. Ya isa. Wa ya ce ka ƙara? In shayi ya karkata, barci ma zai karkata." Sai shayin ya tsaya daidai da bakin kofi ta ko'ina, sannan ya ɗauka ya shanye, ya ce, "Bismillah, a fito da kai."

Na sauke murfin nan ya fi sau ɗari, amma har yau in tamfol ya miƙe ya cika da iska sai na ji kamar yaron da aka ɗinka wa rigar salla. Ɗan akwatin da muka jawo ya zama gida mai gado biyu da falo. A miƙe rumfar gefe, a shimfiɗa darduma. Kafin magariba ƙanshin daddawa ya cika jejin, don Kawu bai yarda a fita kashta ba tare da tuwo miyar kuka ba, ko da an dafa kabsa, shinkafar Larabawa. Wata rana wani tsoho mai raƙuma ya tsaya da motarsa ya roƙi a nuna masa ciki. Kawu ya zagaya da shi da Larabcinsa na gareji, ya buɗe masa kowace durowa, ya sa shi ya kwanta a gadon gaba ya gwada. Da safe tsohon ya dawo mana da ƙwaryar nonon raƙumi.

Na taɓa tambayarsa, muna zaune a kan tudun yashi da la'asar, me ya sa yake shan wannan wahalar. Can ya ce, "Shekara talatin ina kwana inda aka ce in kwana. Iƙamata, takardar zamana, da sunan kafil ɗin da ya tsaya mini, ɗakina da sunan mai gida. Wannan kuwa, duk inda na ce tsaya, nan ne gida."

A cikin Kunkuru na fara karatu. Na yi allo kaɗan ina yaro, amma boko ban taɓa shiga ba, kuma na kai shekara arba'in da biyar ina ɓoye wannan. Kawu ya gane tun tuni, bai taɓa faɗa ba. Wata shekara sai na tarar ya bi duk durowoyi da gwangwanaye ya manna musu takardu da manyan baƙaƙe: RUWA, GAS, SUKARI, GISHIRI, BUROSHI. Ya ce wai tsufa ya fara sa shi mantuwa. In mu biyu ne, sai ya ɗora yatsa a kan ɗaya ya faɗi baƙaƙen a hankali, kamar da kansa yake magana. Ni kuwa na yi wayo, na haddace wurin zaman kowane abu. Sukari na dama, gishiri na hagu.

Wata safiya na haɗa shayi, na miƙa hannu dama na ɗebo cokali uku na zuba. Kawu ya karɓa ya riƙe bai sha ba, ya ce, "Fara kurɓa, direba." Na kurɓa na furzar. Ashe ya sauya wa gwangwanayen wuri tun da asuba. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, sannan ya ɗauko gwangwanin ya juyo mini da takardar ya ce, "Ga shi ya gaya maka sunansa, kai ne ba ka tambaye shi ba." A satin nan ya kai ni ajin manya da kansa, ya jira a mota har na fito. Bai taɓa ba kowa labarin gishirin nan ba. Ni ne yau nake bayarwa.

Amma kada a zaci Kawu ba ya fushi. Yana da doka ɗaya da ba ya wasa da ita: ba a naɗe tamfol da danshi. Ko raɓa ce ta sauka, sai a jira rana ta busar, ya bi ko'ina da bayan hannunsa yana taɓawa. In kuwa dole ta sa an naɗe da ruwa, to a buɗe a shanya kafin kwana uku su cika, don bayan haka fumfuna za ta kama, ta yi baƙi, ta yi wari, ta cinye zaren har tamfol ya yage kamar takarda. Irin wannan tamfol kuwa ba a samunsa a kasuwar nan.

Kawu yana da amini, maƙwabcinsa, wanda suka zo ƙasar nan a shekara ɗaya. Mu Baba muke ce masa. Mutum ne mai ilimin addini, shi ke raba mana gardama, kuma in ya yanke magana ba a ƙarawa. Shekara huɗu da suka wuce ya ari Kunkuru ya kai baƙinsa jeji. Ruwa ya same su, ya naɗe ya dawo, ya ajiye shi a bayan gareji, ya ce a ransa ai ƙasar nan ko dutse ka jiƙa zai bushe. Bai gaya wa kowa ba. Sai bayan sati uku muka buɗe. Warin da ya fito ya sa muka ja da baya. Tamfol ɗin gadon baya ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

Kawu ya kira shi a waya a gabana. "Malam, ka zo ka ga karatunka."

Baba ya zo ya duba ya ce, "Haba Alhaji, a kan tsumma za ka ɗaga mini murya?"

"Tsumma? Da ka karya mini taya da na yafe. Mantuwa ce ko ƙaddara. Amma ka sani, ka yi shiru."

"To ai sai ka kai ni kotu."

Wata biyu ba sa magana. A sahu ɗaya suke salla, su fito kowa ya nemi takalminsa ya kama gabansa. Kawu ya yi kwana tara yana wanke tamfol ɗin da buroshi mai laushi da ruwan ɗumi da ɗan ruwan kal, ruwan tsamin nan. Ya ceci tamfol ɗin, amma tabo ya zauna, mai faɗin faranti. Inna ce ta gaji, ta dafa dambu ta aika wa Baba ta ce daga Kawu, ta kuma sayo dabino ta ajiye wa Kawu ta ce daga Baba. Da suka gane an yi musu dabara, kunya ta hana kowa musawa. Suka shirya, Baba ya ci gaba da bin mu jeji. Sai dai Kawu ya sa wa tabon suna Taswirar Malam, kuma duk baƙon da ya zo sai an nuna masa. Baba bai ƙara riƙe makullin Kunkuru ba tun daga ranar.

Fitarmu ta ƙarshe, mu huɗu ne, ni da Kawu da abokan aikinsa biyu. Baba bai samu zuwa ba. Kwana biyu muka yi cikin daɗi. Ranar Asabar da safe hadari ya taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Wanda bai zauna a ƙasar nan ba ba zai gane abin da ruwan sama yake yi wa mutum ba. Kawu ya cire hula ya fita tsakiyar fili yana dariya, ya ɗaga hannu sama, yana kiran mu mu fito mu ji ƙanshin ƙasa. Muka fita duka muka jiƙe sharkaf, manya da mu, muna tsalle kamar yara. Ƙarar ruwan a kan tamfol kamar ana kaɗa ganguna goma.

Da Kawu ya dawo sai ya zauna a kan matakalar ƙofa, ya dafe ƙirji. Fuskarsa ta sauya. Na ce mu bar Kunkuru a nan mu tafi da motar kawai. Ya girgiza kai. "Ba a barin gida a jeji. Ku naɗe haka." Muka tura tamfol yana ɗigar ruwa, muka kulle, muka ɗaura. Ranar nan kaɗai aka tashi ba a zagaya ba.

A hanya na kira babban ɗansa, taubashina, wanda yake aikin jinya a wani asibiti, ya ce zai tare mu da motar asibiti a bakin gari. Kawu yana kwance a kujerar gefena, ido a rufe. Can ya ce, "Direba, yau Asabar. Talata ke nan."

Na ce, "Kawu, bar zancen tamfol yanzu."

Ya ce, "Talata."

Ita ce maganar ƙarshe da ya yi mini. Aka ɗauke shi a bakin gari, ni na ja Kunkuru na kai shi filin da ke bayan gidansu na kwance. Washegari ya cika.

Daga nan na shiga tsaka mai wuya. Mu a wurinmu, mutum in ya rasu, kayansa sun zama na magada, ba mai taɓa ko allura sai an zauna rabon gado. Kuma kowa ya san yadda nake son Kunkuru. In aka gan ni ina buɗe shi ana tsakiyar zaman makoki, ba wanda zai ce tamfol nake shanyawa. Cewa za a yi ɗan ƙanwa, wanda ba shi da gado, ya riga 'ya'ya sa hannu.

Ranar Litinin da muka dawo daga maƙabarta na ja taubashina gefe. Tsakanina da shi wasa ne tun muna yara. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai "bawana". Na fara cewa, "Akwai maganar Kunkuru." Bai bari na ƙarasa ba. Ya dube ni da idon da ban san shi da shi ba, ya kira ni da sunana na yanka, ya ce, "Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba." Ya koma ciki. Na tsaya a wurin kamar an watsa mini ruwan sanyi.

Talata ta zo. Gari ya waye tas, rana ta fito, irin ranar da Kawu zai ce ta shanya ce. Ina zaune a falo ina amsa gaisuwa, zuciyata tana bayan gida. Da hantsi, falon cike da mutane, Baba ya ɗauko wata 'yar jaka ya ce a tattara duk makullan marigayi a ciki, za su zauna a hannunsa har ranar rabo. Aka sa na mota, aka sa na akwatin kayan aiki. Sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, na karafan yana wurinka."

Na ciro shi daga aljihu. Jikin makullin akwai ɗan katako mai faɗin yatsu uku, wanda Kawu ya ɗaura bayan rigimar nan, ya yi rubutu a kai gaba da baya. Na ce, "Baba, ga shi. Amma a ba ni izini in karanta abin da ya rubuta a jiki."

Mutanen falon suka juyo suna kallona. Yawancinsu ba su san ina zuwa aji ba. Na ɗora yatsa a kan baƙaƙen yadda yake yi, na bi su ɗaya bayan ɗaya. "In an naɗe da danshi, a buɗe kafin kwana uku su cika." Na juya katakon. "Ko ina nan, ko ba na nan."

Baba ya miƙo hannu ya karɓa. Ya ciro tabarau ya sa, ya karanta gaba, ya karanta baya. Ya daɗe yana kallon katakon. Sannan ya ce, "Ni aka rubuta wa wannan." Ya ɗago kai. "An naɗe shi da ruwa?"

"Ranar Asabar, Baba. Shi ya ce a naɗe. A mota kuma ya ce mini Talata."

Baba ya lissafa da yatsu. Wani daga gefe ya ce, "Amma Malam, kayan magada ne." Baba ya ce, "Ni na faɗa, kuma ban janye ba. Ba a cin dukiyar magada. Ba a kuma zuba mata ido ta ruɓe. Na taɓa yin shiru a kan tamfol ɗin nan sau ɗaya." Ya juya wurin taubashina. "Je ka nemi izinin mahaifiyarka."

Inna tana ɗakin ciki tare da mata, tana takaba. Taubashina ya tsaya a bakin ƙofa ya gaya mata. Duk muka ji amsarta ta bayan labule: "Sai yanzu? Da yana nan da tun jiya ya hana ku shan shayi."

Baba ya miƙe ya ce, "Ku taso duka, ku zama shaidu."

Haka muka fita, mutum wajen talatin, da manyan riguna, muka zagaya bayan gida. Aka tokare tayoyi, aka sauke jek. Likitan nan ya ce ai ba a buɗewa sai an daidaita, ya koma ciki da sauri ya dawo da kofin shayi cike har baki. Ya kwanta rub da ciki a bakin ƙofa da farar shaddarsa yana ba da umarni, direban tanka yana murɗa jek. Da shayin ya tsaya, ba wanda ya iya shanye shi. Aka bar shi a wurin.

Baba ya ce, "Bismillah, a fito da kai."

Na kama murfin gaba, taubashina ya kama ɗaya gefen. Muna saukewa, ruwan da ya taru a ciki ya kwararo ya jiƙe shi daga ƙirji har ƙafa. Ya tsaya yana ɗiga, ya dube ni ya ce, "Bawana, da gangan ka ba ni wannan gefen." Na ce, "Ranka ya daɗe, ubangida ake ba gefen albarka." Sai dariyar da aka kwana biyu ana dannewa ta ɓalle. Wasu suna dariya suna share hawaye. Taubashina ya dafa kafaɗata ya matse.

Muka sauke na baya, tamfol biyu suka miƙe a rana suna tururi. Wari ya ɗan fara, amma ba irin na wancan karon ba. Muka bi ko'ina muna dubawa, ɗinki bayan ɗinki. Gadon gaba lafiya lau. A na baya, dab da Taswirar Malam, muka ga ɗigo-ɗigon baƙi kamar an watsa riɗi, bai kai tafin hannu ba. Da an ƙara kwana biyu da labarin ya sauya.

Na buɗe durowar da aka rubuta BUROSHI na ɗauko, na haɗa ruwan ɗumi da kal. Kafin in fara, Baba ya karɓe daga hannuna. Ya cire babbar rigarsa ya miƙa wa wani, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya hau gadon da gwiwa. Muka ce ya bari mu yi, ya ce kowa ya kama gabansa.

Sauran zaman makokin ranar a nan aka yi shi. Aka miƙe rumfar gefe, aka kwaso dardumai daga falo. Duk wanda ya zo gaisuwa sai a nuna masa bayan gida. Ya yi addu'a ya shafa, sannan ya leƙa ciki, ya taɓa takardun da ke jikin durowoyi, ya ba da nasa labarin. Inna ta aiko da tuwo miyar kuka. Na hango labulen tagar ɗakinta ya ɗan ɗaga, ya daɗe bai sauka ba.

Bayan la'asar na bi tamfol ɗin da bayan hannuna, kusurwa zuwa kusurwa. Ya bushe ƙayau. Baba bai yarda da nawa ba, sai da ya bi da nasa hannun. Ɗigon nan sun fita, ko alamarsu babu. Tsohuwar taswirar ce kawai take nan inda take. Ya tsaya a gabanta, ya ɗora tafinsa a kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma ina kusa na ji.

"Alhaji, wannan karon ban yi shiru ba."

Muka naɗe, muka kulle. Na miƙa masa makullin da ɗan katakonsa, ya jefa a jaka tare da sauran. Ba inda za mu, amma ba wanda ya koma cikin gida sai da muka zagaya sau uku.

Allah ya gafarta wa Kawu, ya yalwata masa makwancinsa, ya daidaita masa shi yadda ko kofin shayi ba zai karkata ba. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.